Madarumfa: ƙyallen tela ya tsare kuɗin asusu

Duk wadda ta yi shekara a ƙungiya ta san abin da ke biyo bayan rabon asusu. Kuɗi ba su kwana bakwai a hannu sai a ji ga sunan ɗiyar ƙanwa, ga bikin ɗan yaya, ga salla ta matso kuma ba a zuwa gaida uwar miji hannu sake. Kafin ki farga, jarin da kika yi niyyar sayen tunkiya da shi ya koma kwano da turmin atamfa a ɗakin wata. Wannan damuwar ce ta kai mu Madarumfa, don mun ji labarin matan can sun samo wata dabara.

Daga Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba, kudu ake yi wajen iyakar Najeriya. Garin yana bakin tabki, kuma da tabkin aka san shi: masunta da kwale-kwalensu, tsuntsaye fal, kifi ana soya shi da zafinsa. Kewaye da ruwan akwai kushewun waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara daga nesa, har daga Katsina. Mun tsaya mun yi addu'a, muka wuce, don ba yawon buɗe ido muka zo ba.

A tsakar gidan shugabar ƙungiya muka tarar da su. Tsarinsu irin namu ne na Mata Masu Dubara, wanda ya fara a nan jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE: zubi kowane mako, bashi da ɗan ruwansa, akwati a kulle. Bambancin kawai, in an rufe akwatin ba a watsewa. Sai a jawo buhun ƙyallaye da suka tattaro daga wajen telolin gari, a zazzage bisa tabarma, kowa ta zaro allura.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tsumman sauke tukunya. Kowa na da shi a madafa, amma wa ya taɓa ɗaukarsa kyauta? Su kan ninka tsohon zane sau huɗu, su rufe shi ciki da waje da sabon ƙyallen atamfa, su bi shi da ɗinki a gicciye don kada cikin ya dunƙule in an wanke, sannan su sa masa ɗan hannu na ratayewa. Biyu-biyu ake yi. Wata dattijuwa ta ja kunnenmu: "Ɗiyata, kada ku sa yadin roba, auduga zalla. Na roba in ya ji wuta narkewa yake ya manne a hannu." Ta kuma ce a guji barin zare yana reto, don harshen wuta shi yake fara kamawa.

Akwai kuma faifan da ake yi wa baki da ƙyalle don kada ya zare, da murfin randa mai zariya, da jaka mai aljihu uku ta ludayi da mara da cokula, da gammo ɗinkakke wanda ba ya warwarewa a hanyar rijiya. Keken ɗinki guda ne a ƙungiyar, sauran duk aikin hannu ne.

Mun yi tambayar da muka san kuna da ita: ba a rena kyautar? An rena mana, suka ce, da fari. Har an yi wa wata habaicin ta kai wa uwar mijinta tsumma. Abin da ya canja zancen shi ne rufe iyaka. A 2019 Najeriya ta rufe, a 2023 aka sake rufewa, kayan da ke shigowa daga Jibiya ta Ɗan Isa suka yi tsada, mai kai kwano uku ta koma kai guda. A lokacin ne aka lura kwanon yakan hau jere ya yi ta ƙura, tsumman kuwa kullum yana hannun Inna safe da yamma. Yanzu sukan haɗa: ƙyalle uku ko huɗu iri ɗaya, a naɗe cikin faifai, a ɗora sabulu ko ƙullin daddawa.

Mu dai a ganinmu abin yana da iyaka, kuma su ma ba su ɓoye ba. Kayan ɗakin amarya da gara ba a biyansu da ɗinki. Bikin da aka kawo miki jika biyu, jika biyu za ki mayar ko fiye, allura ba ta shiga nan. Da damina kuma gona ta cinye lokaci, sai bayan girbi ake zama. Telolin ma sun gane, wasu sun fara cewa a ba su na goro kafin a kwashi ƙyalle. Amma kyautar salla, da ta gaida mai jego, da tsarabar zuwa ganin gida, waɗannan sun fita daga wuyan asusu, kuma su ne ƙananan ramukan da jari ke zurarewa.

Sun ba mu samfuri guda-guda mun taho da su. Ranar zubi mai zuwa kowace ta zo da allura, da zare baƙi da fari, da tsohon zanen auduga wankakke. Ƙyalle kuwa mun riga mun yi magana da tela biyu na unguwa.