Neman Lafiya A Lafiya

'Yan'uwana Hausawa mazauna Asakiyo da kewaye. Kwana biyu kun ji ni shiru, to ba komai ya jawo ba illa jinyar mahaifina, wanda da yawanku kun san shi a wajen awon riɗi da saye da sayar da doya. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi har ya fara leƙa kasuwa, amma abin da idona ya gani a kwanakin nan ya hana ni sakat, shi ya sa na ce bari in amayar da shi ko na huta.

Ranar da jikin ya rikice da daddare, sai da muka ɗauki shatar mota muka kama hanyar Lafiya, domin kuwa duk wanda ya zauna a nan ya san da zarar ciwo ya wuce na allura da ƙwaya, to sai birni. Ba zan ambaci sunan asibitin da muka je ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Mun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, muka tarar ɗakin gaggawa ya cika maƙil. Wasu a kan gado, wasu a kan benci, wata mata kuwa tana zaune a ƙasa ta rungume ɗanta, ƙanenta na tsaye ya ɗaga ledar ƙarin ruwa sama da hannunsa. Baba ya kwana a kan tabarmar da muka zo da ita, a baranda, sauro na ta shagalinsa. Sai bayan la'asar ta washegari aka sallami wani, muka samu gado.

Wallahi a daren nan ba irin baƙar maganar da ban yi wa likitoci a zuciyata ba. Dama ina da tsohon haushinsu tun 2023, lokacin da Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya, wato NMA, reshen jihar Nasarawa ta tafi yajin aiki a kan ƙarin girma da alawus. A lokacin har cewa na yi a majalisarmu, mutanen nan kuɗi kawai suka sani, talaka ya mutu ko ya yi rai ba ruwansu.

To amma zaman jinya makaranta ne. A kwana na uku na lura likitan da ya karɓe mu a daren farko shi ne dai na gani da asuba, shi ne kuma na gani da azahar, riga ɗaya, idonsa ja wur. Yaro ne matashi, bai fi ni da shekara biyar ba. Da ya zo duba Baba sai Baba ya ce masa, "Likita, kai kuwa kana barci?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, in na tafi wa zai duba ku? Da muna da yawa, yanzu abokaina wasu suna Saudiyya, wasu Ingila, wasu sun koma asibitin tarayya a Kafi." Daga nan na samu ƙarfin halin tambayarsa batun yajin aiki. Ya ce mini, "Malam, in likita ya shekara da shekaru a mataki ɗaya ba ƙarin girma, ga inda za a biya shi ninki, tafiya zai yi. In ya tafi, layin da kake gani ne zai ƙara tsawo. Abin da muke gaya wa gwamnati ke nan."

Ban ce na yarda da yajin aiki ba fa. Har gobe ina ganin ranar da aka rufe ƙofa, mai kuɗi yana da asibitin kuɗi, ɗan gwamnati yana da Abuja, mu ne muke kwana a ciki. Amma na gane cewa kukan da ƙungiyar take yi a kan ƙarancin likitoci da gadaje da kayan kariya, musamman a jiha irin tamu da zazzaɓin Lasa yake yawan ɓulla har yana kashe ma'aikatan lafiya, kuka ne da ya kamata a ce mu muka fara yin sa. Ita ce kuma duk watan Oktoba take makon likitoci, inda ake fita duba marasa lafiya kyauta.

An dai samu motsi. Asibitin ƙwararru na Dalhatu Araf, wanda ya daɗe yana ɗauke da nauyin Lafiya da Doma da Obi da Awe da Keana, gwamnatin Abdullahi Sule ta amince da miƙa shi ga gwamnatin tarayya ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011. Abu ne mai kyau, domin albashin tarayya yana iya riƙe likita, kuma inda ake koyarwa dole a tara ƙwararru. Sai dai ni ɗan kasuwa ne, na san in rumfa ta yi suna masu saye ƙaruwa suke yi. Muddin ƙananan asibitocin garuruwa irin namu ba su iya tsayar da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da hawan jini tun a gida, to ko gado nawa aka ƙara a Lafiya cika zai yi.

Yanzu bari in juyo kanmu, don a nan abin ya fi yi mini ciwo. Baba ya yi mako biyu yana fama kafin mu tashi. Muka yi ta sayen magani a kemis, muka jiƙa sassaƙe, muka ce shawara ce, sai da ya kasa tsayuwa. Likitan ya ce da mun zo tun farko, ko kwanciya ba zai yi ba. Ashe mu ma muna cikin masu cika barandar. Sannan da aka nemi jini leda biyu, na kira mutane sun fi goma, kowa da uzurinsa, wani ma cewa ya yi wai jininsa ba ya da yawa. Ni na ba da leda ɗaya. Ta biyun wani abokin cinikin Baba ne, Alago, ya hau babur tun daga Asakiyo ya zo ya bayar, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa.

Kakana daga ƙasar Kano ya zo nan tun muna cikin jihar Filato, kafin a yanke Nasarawa a 1996. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Amma har yau in ana taron da ya shafi asibitin gari sai ka ji ɗanmu ya ce ai na 'yan ƙasa ne, mu baƙi ne. Baƙon da ya binne kakansa a gari? Ciwo dai bai tambaye mu takardar asalin jiha ba.

Na riga na yi magana da liman da Sarkin Hausawa, kuma sun ba ni izini. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sallame, zan tsaya a ƙofar masallaci da littafi, duk matashin da ya yarda a gwada rukunin jininsa a ajiye sunansa saboda ranar buƙata, ya zo ya rubuta. Sunana ne na farko, ƙanena na biyu, saura layi na uku.