A Ware Wa Mota Zangonta

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni mutumin Kademi ne, ta ƙasar Gaya. Abin da na lura da shi a garuruwanmu shi ne, duk sa'ad da aka zauna shawarar gina sababbin shaguna ko ɗakin taro ko masallacin Juma'a, kowa ƙidayar ɗakuna yake yi. Da wuya ka ji wanda ya ce, "To, a ina motoci za su tsaya?" Sai an gama gini har bakin kwalta, sannan mai tirela ya sauke buhunansa a kan titi, ɗan acaɓa ya gitta, mai lemo ya kafa tebur.

Alhali kakanninmu ba haka suka yi ba. Fatake na da zango, inda ake sauke kaya a ɗaure jakai da raƙuma. Wato sun san baƙo ba ya zuwa shi kaɗai, da abin hawansa yake tafe.

Duk mai zuwa Kano daga wajenmu ya san Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwar shanu. Wata Juma'a muka ɗauko yayata tana naƙuda mai wuya, motoci suka cushe, gaba ba hanya, baya ba hanya. Direba yana ta hon, ita tana salati, ni kuwa ban da zufa ba abin da nake yi. Allah Ya sa an sauka lafiya, amma tun ranar na daina ɗaukar cunkoso a matsayin ƙaramin abu.

Birnin Kano ma ishara ne. Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari sun bunƙasa, wurin ajiye mota bai bi su ba. An kafa KAROTA a 2012, an hana acaɓa a cikin birni a 2013, an gina gadojin sama, amma har yau mai mota yana fama kafin ya sami inda zai raɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu a Kademi har yanzu muna da fili. Ƙaramar mota ɗaya tana cin kamar mita 2.5 a faɗi, mita 5 a tsawo, lissafin da ɗan firamare ma zai iya. Roƙona ga dattawa da 'yan kwamiti shi ne: kafin a aza bulo, a ja gini baya da titi, a ware wurin lodi a bayan shaguna, a raba mashiga da mafita, a ba babura inuwarsu daban, sannan a bar hanyar asibiti a buɗe ko da ranar kasuwa ce. Shago biyu da za a rasa ba su kai ran mutum ɗaya ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.