Abin da "a'a" uku suke nufi a takardar sallamar soja

Shekara takwas ya yi a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, bai taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba. A filin atisaye gwiwarsa ta lalace, ranar da iska ta karkatar da laimarsa yayin dira daga jirgin sama. Da kwamitin tantance lafiya ya yanke cewa ba zai iya ci gaba da aiki ba, aka miƙa masa takardar da ake kira DA 199, aka ba shi kwanaki ƙalilan ya amince ko ya ɗaukaka ƙara.

Adadin kaɗai ya duba: kashi 20 cikin ɗari. Ya san hukuncinsa. Wanda nakasarsa ba ta kai kashi 30 ba, kuma bai cika shekara 20 a bakin aiki ba, ba shi da fansho, sai kuɗin sallama a dunƙule: tushen albashin wata biyu a kan kowace shekara. Nasa ya kama wata goma sha shida. Har ya ɗauki alƙalami, matarsa ta ce, "Maigida, waɗannan V1, V3 da V4 da aka rubuta 'a'a' a gabansu fa?"

Lambobin ba zafin ciwo suke aunawa ba, asalinsa suke tambaya. V1 na tambaya ko raunin ya fito kai tsaye daga gumurzu, ko daga kayan yaƙi a lokacin yaƙi. Amfaninta yakan bayyana idan mutum ya shiga aikin gwamnatin tarayya. V4 tambayar wuri ce: a yankin yaƙi aka same shi, ko a aikin da aka ayyana na yaƙi? Idan amsar "i" ce, ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ba za ta cire kuɗin sallamar daga diyyar da take biya duk wata ba. V3 kuwa tambayar hali ce, kuma ƙofofinta huɗu ne: gumurzu, aiki mai tsananin haɗari, atisayen da ke kwaikwayon yaƙi, da lahani daga kayan yaƙi. Wanda ya shiga ta ɗaya daga ciki, ba a karɓar haraji a kuɗinsa. Dira da laima tana cikin ayyuka masu haɗari.

Da ya fahimci haka, kunya ce ta fara kama shi. Yana da abokai da nakiya ta raba da ƙafafunsu a Afganistan. Da wane baki zai ce ciwonsa na da nasaba da yaƙi? Matar ta ce dokar ba jarumta take tambaya ba, kuma haƙƙinsa ba daga rabon kowa za a yanko shi ba. Gafala a nan ba sabuwa ba ce: a 2016 sai da majalisar Amurka ta yi doka domin tsoffin sojojin da aka cire wa haraji bisa kuskure tun daga 1991 su nemi a mayar musu.

Bai sa hannu a ranar ba. Ya nemo kundin dirarsa da rahoton likitan da ya fara duba shi a filin, ya kai wa lauyan da rundunar ke bayarwa kyauta. Takardar ta dawo da V1 da V4 yadda suke, domin gaskiya ne bai je fagen daga ba. A gaban V3 an rubuta "i".