Duwatsun da Magabata Suka Jera

Sa'ad da nake karatun tauhidi a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, mun fita yawon buɗe ido muka hau Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya, mai mita 1,345. Da yake na tashi ina hawan duwatsun Filato, girman kai ya ɗebe ni, na bar abokan tafiyata a baya.

Gab da ƙololuwa hazo ya rufe ni, ba na ganin taku goma a gabana, ga kwazazzabai masu zurfi a gefe. Abin da Allah ya cece ni da shi, tulin duwatsu ne da waɗansu suka jera domin nuna hanya. Ban san sunan ko ɗayansu ba, amma daga wannan tuli zuwa wancan na lallaɓa, har na ji muryar abokaina.

Joshuwa ma ya kafa duwatsu 12 a Gilgal domin 'ya'ya su tambayi iyayensu ma'anarsu. Kai fa, ran da hazo ya rufe ɗanka, wace alama zai tarar? Addu'arka ta asuba da gaskiyarka a kasuwa, su ne duwatsunka.

Ya Ubangiji, ka sa mu bar sawun da zai kai 'ya'yanmu gida. Amin.