Ƙafar keke a rairayin Matamaye

Da ƙafar bayan kekena ta lanƙwashe a hanyar Kance, na kwana biyu ina tunanin wadda zan saya. Na taɓa ganin ƙafafun kabon a waya, waɗanda masu tseren duwatsu a Turai ke hawa, marasa nauyi kamar kara. Sun ba ni sha'awa ƙwarai. Sai dai kuɗin guda ya fi na kekena duka, kuma idan ta tsage babu mai ɗinke ta a nan.

Na tafi wurin tsohon mai gyara a bakin kasuwa. Ya ɗaga wata ƙafa ta alminiyam mai bango biyu, ya juya ta, ya kafa babban yatsansa kusa da bakinta yana duban ko za ta yi rawa. Ba ta yi ba.

"Ɗana, me kake ɗauka?"

"Gero, Baba, wani lokaci jarkar ruwa."

"To, ƙirga wayoyin ƙafar nan."

Na ƙirga, 36. Ya ce mai 32 ta fi sauƙi, amma buhu zai gajiyar da ita. Ta baƙin ƙarfe kuwa ta fi araha, ana iya bubbuga ta ta miƙe, sai nauyi da tsatsar damina.

Na ɗauki ta alminiyam, na ƙara taya mai faɗi saboda rairayi da ƙaya. Jiya na bi hanyar Ɗan Barto da sassafe, ina jin yadda ƙafar take shan ramuka shiru.