Hawan Duwatsun Bakin Kogin Rayin

Daga cikin ɗabi'un Jamusawa waɗanda baƙo ba ya daɗewa a ƙasarsu sai ya lura da su, akwai wannan ta fita daji ranar hutu, ba don farauta ko neman itace ko ziyarar dangi ba, sai don kawai a taka ƙasa, a hau tudu, a tsaya a ƙwanƙolinsa a dubi abin da ke ƙarƙashi. Wani dattijo mutumin Damagaram, ma'abocin karatu, wanda ya shekara da yawa a birnin Bonn, shi ne ya ce mini lalle bai kamata in bar ƙasar ba tare da na ɗanɗana wannan al'ada ba, ya kuma zaɓa mana duwatsun Siebengebirge, waɗanda ke gabashin kogin Rayin, kudu maso gabas da birnin. Ana kiransu duwatsu bakwai, alhali kuwa sun haura arba'in, kuma masana ilimin ƙasa sun ce asalinsu aman wuta ne da ya daskare tun kimanin shekara miliyan 25 da suka shuɗe.

Muka sauka a garin Königswinter da hantsi, cikin kaka, lokacin da ganyaye suka juya ja da rawaya. A nan akwai jirgin ƙasa mai haƙora wanda tun 1883 yake kai mutane saman dutsen Drachenfels, amma Malam, wato dattijon nan, ya ce wanda aka ɗauka bai san tsawon hanya ba, saboda haka muka bi tsohuwar hanyar jakuna da ƙafa. Hanya ce mai tsananin hawa tun daga farkonta, ta yadda ba mu yi nisa ba sai da numfashina ya fara fita sama-sama, alhali tsofaffin mata masu furfura, kowace da sandunanta biyu da takalmi mai kauri da 'yar jaka a baya, suna wuce mu suna gaisuwa da fara'a. A tsakiyar hawan muka wuce fadar Drachenburg, wadda wani attajiri mai suna Stephan von Sarter ya gina tsakanin 1882 da 1884, bai kuwa taɓa zama a cikinta ba.

Tsayin Drachenfels mita 321 ne kacal, abin da ba zai sa a ambace shi cikin manyan duwatsu ba. Sai dai Allah cikin hikimarsa ya kafa shi a gefen kogi daidai, har wanda ya isa samansa ya dafa ƙarfen shinge zai ga ƙasa ta buɗe masa gaba ɗaya. Ga Rayin yana tafe daga kudu a natse, ya rabu ya kewaye tsibirai biyu, Nonnenwerth da Grafenwerth, sa'an nan ya sake haɗuwa. Ga jiragen dakon kaya dogaye, masu zuwa arewa suna gudu da taimakon ruwa, masu zuwa kudu suna ja da ƙyar. Ga gonakin inabi jere a gindin dutsen wajen ƙauyen Rhöndorf, inda Konrad Adenauer, tsohon shugaban gwamnatin Jamus, ya zauna kuma aka binne shi a 1967. Da na juya arewa, bayan Bonn, can inda sama ta haɗu da ƙasa, sai Malam ya miƙa sandarsa ya ce, «Ɗana, ƙura ido sosai, ka ga wasu tsinaye biyu?» Na ce, «Na gani, Allah ya gafarta Malam.» Ya ce hasumiyoyin babbar majami'ar birnin Kolon ke nan, kuma da duwatsun da muke tsaye a kansu aka fara gina ta.

Wannan magana ita ta fi kama zuciyata a dukan tafiyar. A saman dutsen akwai kufan wata ganuwa da babban limamin Kirista na Kolon ya soma ginawa a 1138, aka rushe ta a 1634 cikin yaƙin shekara talatin. Amma idan mutum ya leƙa ta gefen kogi zai ga bangon ya yanke a bakin rami, domin masu fasa dutse sun yi ta cin gindinsa har wani sashe na ginin ya zube. Tun zamanin Rumawa ake sarar wannan dutse, kuma da aka aza harsashin majami'ar Kolon a 1248, daga nan aka riƙa gangarar da shi zuwa bakin ruwa, a loda a jirgi, kogi ya kai shi har ƙofar magina. Da an ci gaba a haka, da yau babu wurin tsayawa balle abin kallo. Sai a 1836 hukumar Furushiya, mai mulkin yankin a lokacin, ta sayi ƙwanƙolin dutsen da kuɗinta don a daina fasa shi, har ya zama da aka koma aikin majami'ar a 1842, aka kammala a 1880, sai da aka nemo dutse daga wasu wurare. Bayan haka, a 1869, mutanen yankin suka kafa jam'iyyar kiyaye waɗannan duwatsu, wadda ta yi ta sayen filaye tana rufe ma'adinai. Ina ganin wannan abin a jinjina ne ƙwarai, cewa al'umma ta yarda ta biya kuɗi, ta kuma haƙura da riba, don jikokinta su sami inda za su tsaya su yi tafakkuri cikin halittar Ubangiji.

Wanda yake son ya san abin da aka tsere wa, to, ya taka kaɗan zuwa dutsen da ke maƙwabtaka, Wolkenburg. Shi ma dā yana da ganuwa a kansa, amma masu fasa dutse sun cinye ta tare da kan dutsen, ba a bar ko tubali guda ba, sai tarin ɓaraguzai da gansakuka ta lulluɓe da itatuwa da suka tsiro a tsakaninsu.

Daga nan hanya ta shiga kurmi na dogayen itatuwa masu santsin ɓawo, launin toka, waɗanda busassun ganyayensu suka rufe ƙasa har idon sawu. Ba a ɓata a wannan daji, domin a kowace mararraba an shafa alama a jikin itace ko an kafa dutse mai sunan wuri da kibiya, kuma duk inda kurmi ya ɗan buɗe aka hangi kwari, sai ka tarar an ajiye benci yana fuskantar wajen. A wani fili muka yi alwala da ruwan gorarmu, mai sanyi har yatsu suna ƙagewa, muka shimfiɗa rigunan sanyi muka sallaci azahar. Masu wucewa suka sassauta murya, suka kewaye mu ba tare da kowa ya tsaya kallo ba.

Sa'an nan muka nufi Ölberg, wanda shi ne mafi tsawo cikin duwatsun, mita 460, kuma hawansa na ƙarshe sai da na riƙa tsayawa ina dafa gwiwa. A samansa akwai ɗan gidan abinci inda muka sha shayi mai zafi, muna duban sauran duwatsun a ƙasa da mu kamar garken shanu kwance. Daga can ana ganin farin gini a kan Petersberg, inda a Nuwamba 1949 Adenauer ya ƙulla yarjejeniya da wakilan Amurka da Ingila da Faransa, inda kuma aka yi taron Afganistan a 2001. Malam ya tuna mini cewa Heinrich Barth, Bajamushen da kakanninmu suka sani da Abdulkarim, da ya isa Kano a 1851 sai da ya hau Dala ya zana birnin daga sama. Ashe ɗabi'ar ƙasarsu ya tafi da ita.

Da la'asar muka gangara kwarin Heisterbach, inda ruhubanawa suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 12, har aka rufe gidan ibadarsu a 1803, aka sayar da majami'arsa ga masu neman dutsen gini, ba abin da ya tsira sai bangon gabas mai siffar rabin da'ira. Mutanen wurin suna da hikaya cewa wani ruhubani ya yi kokwanto a kan yadda shekara dubu za ta zama kamar yini guda a wurin Allah, ya shiga daji yana wannan tunani, da ya dawo bai tarar da wanda ya san shi ba, domin shekara 300 sun wuce. Na ce, «Allah ya gafarta Malam, wannan ai ta yi kama da ƙissar Ashabul Kahfi.» Ya ce, «Kama kam akwai, amma kada ka haɗa su. Waɗancan samari yaƙini ne ya kai su kogo, wannan kuwa shakka ce ta fitar da shi.» Muka ci gaba da muhawara a kan wannan mas'ala a bakin titi har motar haya ta iso, kuma ba mu gama ba sai da muka shiga jirgin komawa Bonn.