Tsohuwar Libarba a Kasuwar Tulsa

Sau biyu a shekara ake cin kasuwar bindigogi ta Wanenmacher a Tulsa, jihar Oklahoma, da Afrilu da Nuwamba, tebura sun haura 4,000 a rufi ɗaya. Na wuce layin sababbin makamai na nufi wajen dattawan da ke tara tsofaffin libarba. Gwanarsu ita ce Colt Single Action Army, wadda kamfanin Colt na Hartford ya fara ƙerawa a 1873 don sojan dokin Amurka. Irinta sai ka ja ƙarfen bayanta da babban yatsa ka ɗana ta kafin kowane harbi.

Na tsaya kan wani dattijo da aka kawo wa ɗaya ya yi mata kuɗi. Ya tabbatar babu harsashi, ya kai ta kusa da kunne, ya ɗana a hankali yana ƙirga ƙas, ƙas, har huɗu. Da uku ya ji, da ya san wani abu ya lalace a ciki. Sai ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi lambobinta, ta jiki, ta kariyar kunama, ta gindin mariƙi, ko sun zo ɗaya. A katakon mariƙin yana laluben hatimin mai duba makaman soja. OWA, wato Orville Ainsworth, shi ke kan na farko-farko.

Abin da ya fi kama ni shi ne mai sheƙi ta fi arha. Wadda shuɗinta ya koɗe ta koma ruwan toka, in dai ba a taɓa ta ba, ta fi wadda aka goge aka sake wa launi daraja nesa ba kusa ba, don guga na cinye kaifin gefe da harufan kamfani. Ina ganin gaskiyar masu tarawa. Mu da muke kai tsohon takobin kaka wurin maƙeri ya wanke shi tas, shaidar shekarunsa muke kankarewa.

Saɓanin lamba ma ba kullum ne algus ba. Daga 1895 soja suka riƙa rage bututun nasu daga inci 7½ zuwa 5½, suna haɗa sassa yadda suka zo hannu, kuma masu tarawa sun san da haka.

Sauran magana takarda ce. Colt na da kundin ajiya, ana biya a karɓi wasiƙar da ke faɗin ranar da bindiga ta bar masana'anta da wanda aka aika wa. Labarin baka kuwa, ko sisi ba ya ƙarawa. Wadda jami'in doka Pat Garrett ya harbe ɗan fashi Billy the Kid da ita a 1881, da yake asalinta a rubuce yake, ta haura dala miliyan 6 a gwanjon Bonhams a 2021.